Agwagwa, gauraka ko barewa: da wace farauta sabon shiga zai fara a kakar Amurka?

Daga farkon Satumba har ƙarshen shekara, duk wanda ke zaune a jihohin tsakiyar Amurka zai lura abokan aikinsa na ɗaukar hutu ɗaya bayan ɗaya, motocin a-kori-kura kuma na barin gari tun kafin kiran assalatu. Lokacin farauta ke nan. Cikin mutanenmu da karatu ko aiki ya kai Minnesota, Wisconsin, Texas ko Dakota, akwai waɗanda abin ke ba sha'awa, wasu ma gidan maharba suka fito. Sai dai kaka gajeriya ce, hutun aiki ba shi da yawa, kuma aljihun ma'aikaci ba zai ɗauki kayan farauta iri uku a shekara guda ba. Dole mutum ya zaɓi inda zai fara: tsuntsayen ruwa, wato agwagi da dinyoyi, ko gaurakan da ake kira sandhill, ko barewa mai farar wutsiya.

Ra'ayina shi ne, wanda nama ya fitar da shi daga gida ya fara da barewa, kuma mace, da bindiga. Sauran biyun kowanne na da nasa mutanen, zan zo kansu.

Kafin komai akwai ƙofar da kowa ke bi. Kusan kowace jiha na buƙatar shaidar kwas ɗin koyon riƙon bindiga da dokokin daji ga wanda aka haifa bayan wata shekara: a Minnesota bayan 1979, a Wisconsin daga 1973, a Texas daga 2 ga Satumba 1971. Yawancin karatun ta intanet ake yin sa. Jihohi da dama kuma suna ba da lasisin ɗan koyo, wanda ke ba mutum damar fita shekara ɗaya ko biyu a ƙarƙashin wani gogagge kafin ya yi kwas ɗin. Abin da ya fi shafar baƙo shi ne takardunsa na zama. Mai katin zama na dindindin dokar tarayya ba ta hana shi mallakar bindiga ba. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta aiki, asalin dokar ta hana shi riƙe bindiga, sai in yana da lasisin farauta mai aiki, wanda na cikin 'yan togaciyar da aka yi. Wanda takardunsa suka ƙare kuwa kada ma ya taɓa, ko aro ne, domin laifin tarayya ne mai kai mutum kurkuku ya kuma sa a kore shi. Jihohi na ƙara nasu sharuɗɗan, don haka a karanta na jihar da ake ciki tun kafin a je kanti.

Barewa ita ce dabbar talakan mafarauci a Amurka. A farkon ƙarni na 20 an kusa ƙarar da ita, abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba. Dokokin kayyade lokaci, da harajin bindigogi da harsasai da aka ware tun 1937 domin kula da namun daji, suka farfaɗo da ita har yau ana ƙiyasin wajen miliyan 30, ana kuma harbe kusan miliyan shida duk shekara ba tare da ta ragu ba. A wurare da yawa ma hukuma roƙon mafarauta take su harbi mata, domin sun yi yawa, suna cinye gonaki da ƙananan itatuwa, suna kuma faɗawa gaban motoci da daddare. Nan ribar sabon shiga take. Turawa da yawa namiji mai manyan ƙahoni suke jira don su rataye kansa a bango, takardar harbin mace kuwa ta fi araha, ta fi sauƙin samu, kuma namanta ya fi na ƙaton namijin da ya rame da bin mata a watan Nuwamba laushi.

Kayan aikin ba su da yawa. Bindiga guda mai cin dogon zango, irin su .243 ko .308, da madubin saiti, da akwatin harsashi ɗaya ko biyu, da wuƙa, da igiya, da riga da hula masu ruwan lemo mai haske waɗanda doka ta wajabta a yawancin jihohi don kada wani ya ɗauke ka dabba. Wasu jihohin, kamar Iowa da Illinois da Ohio, sun taƙaita irin harsashin da ake amfani da shi saboda ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce mai gidaje kusa-kusa. Lokacin bindiga gajere ne ƙwarai: a Wisconsin kwana tara ne, daga Asabar ɗin da ke gabanin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, a Michigan kuwa 15 zuwa 30 ga Nuwamba. Mai kwari da baka yana da watanni, amma wannan sana'a ce da ke son shekara guda ta atisaye, kuma ba ita zan ba sabon shiga shawara ba.

Wahalar barewa zama ce. Za ka shiga daji cikin duhu, ka zauna a gindin itace ko a kan dakalin ƙarfe da aka ɗaure a samansa, iska na bugowa daga inda kake sa ran dabbar zuwa gare ka, ba motsi, ba tari, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Ana iya yin kwana uku ba a ga ko wutsiya ba. Wanda zai hau itace ya ɗaura ɗamarar tsaro, domin faɗowa daga dakalin na cikin abubuwan da suka fi raunata mafarautan barewa. Sai batun fili. A Minnesota da Wisconsin da Michigan akwai dazuzzukan gwamnati masu faɗi da kowa ke iya shiga. A Texas kusan kashi 95 cikin ɗari na ƙasar mallakar mutane ce, sai an yi haya ko an san mai gona. Amma harbi ɗaya in ya yi kyau, an gama. Matsakaiciyar mace na ba da tsoka zalla kilo 18 zuwa 25, abin da zai riƙe ƙaramin gida watanni a firiza.

Abubuwa biyu ke rage wa barewa armashi, kuma bai kamata a ɓoye su ba. Na farko cutar CWD, wadda aka fara ganowa a Colorado a 1967, ta ɓulla a Wisconsin a 2002, yanzu kuma ta bazu a fiye da rabin jihohin ƙasar. Dangin cutar haukan shanu ce, tana cin ƙwaƙwalwa, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Har yau ba a tabbatar ta kama ɗan Adam ba, amma hukumomin lafiya sun ce a kai a gwada in daga yankin cutar aka harbo, kuma kada a ci wadda gwaji ya nuna tana da ita. Mu da ba ma yar da kai da ƙafa, a nan sai mu haƙura: ƙwaƙwalwa, ido, saifa, kaluluwa da ɓargon ƙashin baya duk a bar su. Na biyu dalma. Harsashin dalma na tarwatsewa a jikin dabba, ɓurɓushinsa ya yi nisa da inda ya huda, ido kuma ba ya gani. Duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Harsashin tagulla ya ɗan fi tsada, amma mai ƙananan yara ko mace mai ciki a gida shi ya kamata ya saya. California ma ta hana dalma a kowace irin farauta tun 2019.

Akwai kuma tarkon da Musulmi da yawa ba su sani ba sai sun faɗa. Mahautan da ake kai wa barewa su gyara, a kan dala ɗari da wani abu, al'adarsu ce su haɗa niƙaƙƙen naman da kitsen alade domin ba shi da maiƙo, wasunsu kuma suna haɗa naman mutane da yawa a injin niƙa ɗaya. Ko dai a gaya musu ƙarara cewa yanka kawai ake so, ba niƙa, ba haɗi, ko kuma mutum ya feɗe abinsa a gareji. Wanda ya saba gyaran ragon layya ba abin da zai gagare shi a nan.

Tsuntsayen ruwa wata duniya ce, kuma dokarta ta fi ta barewa tsauri domin baƙi ne masu ƙetare iyaka. Tun yarjejeniyar 1916 da Amurka ta ƙulla da Birtaniya a madadin Kanada, da dokar 1918 da ta biyo baya, gwamnatin tarayya ce ke yanka iyakar kwanaki da adadi, jiha ta zaɓi ranakunta a ciki. An kasa ƙasar hanyoyin ƙaura huɗu. A hanyar Mississippi da ta Atlantika an saba ba da kwana 60 da agwagi shida a rana, a ta tsakiya kwana 74, a ta Fasifik kwana 107 da agwagi bakwai. Ban da lasisin jiha, duk wanda ya kai shekara 16 sai ya sayi kan sarkin agwagwa na tarayya, wanda aka soma a 1934, yanzu dala 25, kusan duk kuɗin kuma na tafiya wajen saye da kare fadamu. Sai rajistar HIP, wato ta masu farautar tsuntsayen ƙaura. An hana harsashin dalma tun 1991. Bindigar kada ta ɗauki fiye da harsashi uku. Ba a zuba hatsi don jawo tsuntsu. Harbi daga rabin awa kafin fitowar rana ne zuwa faɗuwarta. In za a ɗauko tsuntsu zuwa gida, a bar masa kai ko fiffike ɗaya da gashinsa domin jami'i ya gane irinsa.

Wannan gane iri shi ne abin da ya fi kayar da sabon shiga. Shidan nan ba kowace shida ba ce: akwai iyaka ta daban ga matan mallard, da pintail, da wasu irin, kuma dole ka tantance su suna tashi, cikin hasken da bai gama wayewa ba, cikin daƙiƙa biyu. Ga harbin abin da ke gudu a sama, wanda ba ya samuwa sai an ƙona akwatunan harsashi a filin atisaye. Ga kaya: wandon roba mai haɗe da takalmi har ƙirji, dozin biyu ko uku na agwagin roba da ake watsawa a ruwa, usur na kwaikwayon kukansu, maɓoya, sau da yawa kwalekwale, in da hali kuma horarren kare mai ɗauko abin da ya faɗi. Dabarar dai ita ce ta maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi ya rarrafa cikin ciyawa, sai dai a nan kai ne a zaune, tsuntsun ke kawo kansa.

To me ya sa mutane ke haukacewa a kanta? Domin ita ce farautar da ba ta da kaɗaici. Ana zaune uku ko huɗu, ana hira, ana shan shayi daga fulas, ana tsokanar wanda ya yi kuskure. Ana harbi sau da yawa a safiya guda, lokacin kuma wata biyu ne ko fiye, ba kwana tara ba, ga shi ƙarfe tara ko goma an tashi. Wanda zaman shiru ke gundura, nan ne wurinsa. Amma kada ya yaudari kansa da lissafin nama. Mallard mai koren kai, wadda tana cikin manya, kilo ɗaya da 'yan kai take da gashinta da hanjinta. Sai ka fige wajen talatin kafin ka kamo macen barewa guda, kuma kowace sai ta ci maka lokaci wurin figa. Dinya ta fi auki, babbar dinyar Kanada na kaiwa kilo biyar, ana kuma harbinta a gonakin masara da aka girbe ba tare da shiga ruwa ba.

Gauraka shi ne wanda zuciyar Bahaushe za ta fi yin jim a kansa. Namu mai tukkun zinariya ya yi ƙaranci a dajin arewa, an fi ganinsa yana taƙama a gidajen sarakuna da attajirai, kuma ba abin harbi ba ne. Na sandhill dabam yake: toka-toka ne, mai jan goshi, ba tukku, tsayinsa ya haura mita guda, kuma yana cikin gaurakin da suka fi yawa a duniya. Fiye da rabin miliyan ke sauka a kogin Platte na Nebraska duk bazara, ko da yake ita Nebraskar ba ta yarda a harbe su ba. Ana farautarsu a Texas, Oklahoma, Kansas, Dakota ta Arewa da ta Kudu, New Mexico da wasu jihohin yamma, da lardunan Saskatchewan da Manitoba a Kanada. Minnesota ta buɗe a kusurwarta ta arewa maso yamma a 2010, Kentucky a 2011, Tennessee a 2013, Alabama a 2019, waɗannan ukun na ƙarshe ta hanyar ƙuri'a. Adadin ƙanƙane ne, uku a rana a mafi yawan yankunan Texas, biyu a wasu wuraren, domin tsuntsu ne mai jinkirin haihuwa: ƙwai biyu yake yi a shekara, sau da yawa ɗa guda ke rayuwa.

Idonsa ya fi na dinya kaifi, kuma ba ya sauka kan gumakan roba marasa kyau. Masu kama da gaske suna da tsada, ana kuma buƙatar da yawa, ga neman izinin gonar dawa ko gyaɗa ko alkama da suke kiwo a ciki. Shi ya sa kusan kowa ɗan jagora yake biya, ɗaruruwan daloli a safiya ɗaya, a wurare irin su kewayen Lubbock a Texas. Hatsari biyu ne a ciki. Gaurakan da aka raunata yana tsayawa ya yi faɗa, bakinsa kamar mashi, yana iya tsiyaye wa kare ido, har wasu na sa wa karnukansu tabarau. Sannan akwai ɗan'uwansa fari mai baƙin bakin fiffike, wanda ake kira whooping, da ya ragu zuwa kusan ashirin a duniya a shekarun 1940, yake kuma bin hanya ɗaya zuwa Aransas a gaɓar Texas. Harbinsa babban laifin tarayya ne. Kansas ma sai ka ci jarrabawar bambance su kafin ta ba ka izini.

Ta fuskar halacci, ukun ba ɗaya suke ba wajen sauƙi. Ƙa'idar sananniya ce: a yi niyya, a yi bisimilla lokacin sakin harbi, in an tarar da dabba da sauran rai a yanka ta. Malamai da yawa sun halatta abin da harsashi ya kashe domin yana huda jiki ya zubar da jini. Da barewa abin a fili yake, harbi ɗaya, bisimilla ɗaya, ka bi jini ka same ta. Abin lura shi ne al'adar Turawa ta barin wadda aka raunata da yamma sai gari ya waye a nemo ta, alhali a fikihun Malikiyya akwai magana a kan abin farautar da ya kwana ba a gan shi ba. Da tsuntsaye kuwa tambayoyin sun fi yawa. Mutum huɗu sun harbi garke ɗaya, wa ya kashe wacce? Abokan farauta murɗe wuyan wadda ba ta mutu ba suke yi, kai kuwa sai ka riga su da wuƙa. Ga hadisin da ya hana cin abin da aka harba ya faɗa ruwa aka same shi a mace, don ba a san ko ruwan ne ya kashe shi ba, wanda malamai suka yi bayani a kan yadda ya shafi tsuntsun ruwa. A zauna da malami kafin a sayi kaya, ba bayan an cika firiza ba.

A tukunya ne hukuncina ya fi ƙarfi. Dukkansu ja ne namansu, ba kitse a cikin tsoka, kuma hannun girkinmu ya saba da tafasawa sannan a soya har ya yi ƙayau. Wannan hanya na mayar da ƙirjin agwagwa ko na gauraka tamkar hanta mai tauri. Turawa suna kiran gauraka da sunan yankan saniya mafi daɗi, kuma ba su yi ƙarya ba, amma sharaɗin shi ne a gasa ƙirjin a wuta mai zafi na 'yan mintuna, cikinsa da sauran ja, kusan digiri 55 zuwa 57 a ma'aunin Celsius. Hukumar aikin gona ta Amurka kuwa digiri 74 take ba da shawara ga duk tsuntsu, ga murar tsuntsaye ta H5N1 da ke yawo cikin tsuntsayen daji tun 2022. In gidanku ba a cin nama da ja a ciki, to kuɗin da za ka kashe a kan gauraka rabinsa asara ne. Mafita ita ce tsire: a yanka ƙirjin siriri, a shafa mai da ƙuli-ƙuli da yaji, a gasa da sauri, ya nuna ba tare da ya bushe ba. Cinyoyin gauraka da na dinya jijiya ce zalla, sai farfesu na awa uku a ƙaramar wuta, ko a dafa su su saki a yi dambu. A kula da ƙwayoyin harsashin ƙarfe, suna fasa haƙori.

Agwagi ma ba ɗaya ba ne. Masu kiwo a bakin ruwa da gonaki, irin su mallard da teal da pintail, kitsensu na da daɗi, a fige su a gasa da fatarsu. Masu nutso suna cin kifi da dodon koɗi kuwa ƙarni gare su, sai a cire fata da kitsen duka, a jiƙa a ruwan gishiri ya kwana, a haɗa da citta da kanumfari da kimba.

Barewa ce kaɗai ke karɓar girkinmu yadda yake. A fitar da kayan ciki nan take a daji, a sanyaya naman ƙasa da digiri 4, in da wuri mai sanyi a rataye shi 'yan kwanaki. A cire kitsen gaba ɗaya, domin yana daskarewa a dasashi kamar kyandir, kuma yawancin warin da ake ƙorafi a kai daga gare shi yake. In ana son maiƙo a kawo na saniya ko na rago. Tsokar gadon baya a yi tsire ko balangu da ita, kada ta daɗe a wuta. Wuya da karfata da ƙwauri su tafi miyar kuka ko ta taushe ko farfesu, sun fi son dogon dahuwa. Cinya kuwa, da yake ba kitsen da zai yi ɗoyi, ban san naman da ya fi ta dacewa da kilishi ba. Ranar Nuwamba a Minnesota ba za ta busar da komai ba, sai a shanya a tanda a wuta mafi ƙanƙanta an ɗan buɗe ƙofar, a tsoma a labu, a sake busarwa, sannan a gasa ya kai digiri 71. Amma kada kowa ya yi mafarkin buɗe kasuwa da shi: sayar da naman dabbar da aka harbo a daji haramun ne a dokar Amurka, ci da kyauta kawai aka yarda.

Wanda ke da abokin aiki mai kwalekwale da kare da buhunan agwagin roba, ya kuma gayyace shi, ya bi shi. Bindiga da wandon roba da lasisi da kan sarki kawai zai saya, kuma zai koyi a wata biyu abin da shi kaɗai zai shekara biyar bai koya ba. Mazaunin Texas ko Oklahoma da ba shi da filin barewa, safiya ɗaya ta gauraka da ɗan jagora na iya fi masa araha a kan hayar daji ta shekara. Sauran, musamman na jihohin arewa masu dajin gwamnati, su yi kwas ɗin tun watan Yuli ko Agusta kafin gurabe su cika, su nemi takardar mace da wuri domin a wasu yankunan ƙuri'a ake yi a farkon Satumba, su je filin atisaye har harsashi uku su riƙa faɗawa cikin faɗin tafin hannu daga mita ɗari, sannan su duba taswirar CWD ta jiharsu su san inda ake kai kai gwaji kafin ranar buɗewa.